FREDERICK TAYLOR: BATUREN DA YA SA WA LEBURA AGOGO

Duk wanda ya taɓa aiki a masaƙa, ko a kamfanin harhaɗa motoci, ko wata babbar masana'anta, mai yiwuwa ne ya taɓa ganin wani ma'aikaci wanda ba ya taɓa inji, ba ya ɗaukar kaya, abin da ke gabansa kawai shi ne ya tsaya a bayan mutane da agogo da takarda, yana rubuta minti nawa aka yi kafin a gama abu kaza. Ma'aikata ba su cika son ganin wannan mutum ba, kuma suna da dalilinsu. To, wannan aiki na auna lokaci ba daga sama ya faɗo ba. Ko da yake an sami waɗanda suka ɗan taɓa shi tun da farko a Faransa da Ingila, wanda ya mai da shi sana'a sosai, ya kuma ƙare rayuwarsa wajen tallarsa, shi ne wani injiniya Ba'amurke mai suna Frederick Winslow Taylor. Tarihinsa ne za mu kawo wa masu karatu a wannan fili. Sunan nan Taylor da Turanci tela ke nan, amma shi ba ɗinki ne sana'arsa ba, da ƙarfe ya yi ta fama.

An haife shi ran 20 ga Maris, 1856, a unguwar Germantown ta birnin Filadelfiya, cikin jihar Pensilbaniya. Gidansu gidan wadata ne, asalinsu 'yan wata ɗariƙar Kirista ne da ake ce wa Quaker, waɗanda aka sani da tsantseni da ƙin almubazzaranci. Ubansa, Franklin Taylor, ya karanta aikin lauya, amma bai damu da zirga-zirgar kotu ba, don abin hannunsa ya ishe shi. Uwarsa, Emily Winslow, mace ce mai kafiya, tana cikin matan da suka tsaya tsayin daka a kan lalle a hana bauta a Amurka. Yana yaro iyayensa suka tafi da shi Turai suka yi wajen shekara 3, ya yi karatu a Faransa da Jamus.

Frank Copley, wanda ya fara rubuta tarihinsa a 1923, ya nuna tun yana ƙarami halin nan na ƙididdiga yana jikinsa. Idan yara za su yi wasa, sai ya hana a fara sai an auna fili daidai, an kuma daddale a kan dokoki, har abokansa su gaji da shi. Idan yana tafiya sai ya riƙa gwada irin takun da zai fi kai shi nesa ba tare da gajiya ba. Yana fama da mugayen mafarkai, da ya lura suna zo masa ne in ya kwanta rigingine, sai ya haɗa wani abin ɗamara da zai tsikare shi duk sa'ad da ya juya haka cikin barci.

A 1872 aka sa shi makarantar Phillips Exeter, da nufin ya wuce Jami'ar Harvard ya gaji ubansa a aikin lauya. A 1874 ya ci jarrabawar shiga Harvard da kyakkyawan sakamako, amma bai tafi ba. Dalilin da aka bayar shi ne idanunsa sun raunana saboda yawan karatun dare. Maimakon jami'a sai ga ɗan masu kuɗi ya shiga wani kamfanin ƙera famfo a Filadelfiya a matsayin ɗan koyo. Shekara 4 ya yi yana koyon sana'a biyu, watau sassaƙa samfurin katako da ake bi a yi zubin ƙarfe, da kuma aikin inji. A nan ya san rayuwar ma'aikata, a nan kuma ya koyi ashar, wadda bai rabu da ita ba har ya mutu, ko a gaban manyan mutane.

RIGIMAR MIDVALE

A 1878 ya gama koyo. Lokacin kasuwa ta faɗi a Amurka, aiki ya yi wuya, sai ya shiga kamfanin ƙarfe na Midvale a matsayin lebura. Kamfanin yana yin ƙafafun jirgin ƙasa da sandunan da ke riƙe su. Daga lebura ya zama akawu, ya zama mai inji, ya zama heluman masu injin fere ƙarfe, ya zama shugaban sashen injuna duka, har cikin shekara 6 ya kai babban injiniya. Ƙwazo yana da shi, ba a musu. Amma kada mu ɓoye cewa babban abokinsa, Clarence Clark, ɗan ɗaya daga cikin masu kamfanin ne, shi ne kuma ya auri 'yar'uwar Taylor. Su biyun nan ne ma suka ci gasar tanis ta 'yan bibbiyu ta ƙasar Amurka a karo na farko da aka yi ta, a 1881. Duk da wannan hidima, da dare yana karatu a gida, har a 1883 ya sami digirin injiniya daga makarantar Stevens. A 1884 ya auri Louise Spooner.

Ran da aka naɗa shi heluma ran nan rigima ta tashi. Dalili kuwa shi ne ya san sirrin abokan aikinsa, don da shi aka yi. A ganinsa abin da suke yi a yini bai wuce kashi 1 cikin 3 na abin da injunan za su iya ba, kuma da gangan suke jan ƙafa, bisa yarjejeniya a tsakaninsu. Duk sabon da ya zo ya nuna zafin nama, sai a ja shi gefe a yi masa faɗa.

Kafin mai karatu ya ce ha'inci ne, ya kamata ya ji yadda abin yake. Aikin jinga ake yi, watau ana biyan mutum gwargwadon yawan ƙarfen da ya fere. To amma duk sa'ad da ma'aikata suka zage dantse suka ninka aiki, kuɗinsu ya ɗan taru, sai masu kamfani su ce ashe da can an yi kuskuren yanka jinga da tsada, su rage ta. Ƙarshenta mutum ya koma yana aikin mutum biyu a kan kuɗin da yake samu da. Wanda aka yi wa haka sau ɗaya ba ya bari a sake. Ga kuma tsoron cewa idan kowa ya ninka aikinsa, rabinsu za a sallama. Taylor kansa ya amsa cewa da shi ne a matsayinsu abin da zai yi ke nan.

Duk da haka ya sha alwashin sai ya karya wannan al'ada. Shekara 3 aka yi ana gwabzawa. Ya kori masu taurin kai, ya ɗauko sababbi ya koya musu da hannunsa, da suka iya sai su ma suka bi sahun tsofaffi. Ya rage musu lada. Su kuma suka shiga lalata injuna suna cewa gudun da ya tilasta musu ne ya karya su. Sai ya kafa dokar tara, duk injin da ya lalace a hannun mutum, ko ta wace hanya, sai an yanke masa wani abu, kuɗin kuwa a zuba cikin asusun taimakon ma'aikata. Har ta kai wasu suka ba shi shawara ya daina bin hanyar dogo shi kaɗai in zai koma gida da dare. Bai daina ba. A ƙarshe ya yi rinjaye, aiki ya ƙaru, amma shi da kansa ya ce zaman bai yi masa daɗi ba, don babu wanda yake duban sa da fuskar rahama a duk sashen.

Daga wannan rigima ne tunaninsa ya fito. Ya lura cewa abin da ke kawo gardama shi ne babu wanda ya san haƙiƙanin aikin yini guda. Mai kamfani kintace yake yi, ma'aikaci kuwa ya sani amma ba zai faɗa ba. Sai ya ce a auna. Ya nemi izni daga shugaban kamfanin, William Sellers, aka ba shi, ko da yake Sellers bai ɗauka abin zai haifar da ɗa mai ido ba.

Yadda ya yi shi ne, maimakon a duba agogo a farkon aiki da ƙarshensa, sai ya sassare aikin gunduwa-gunduwa. Ɗauko ƙarfe daga ƙasa, daƙiƙa nawa. Ɗora shi a kan inji, daƙiƙa nawa. Ɗaure shi, daidaita wuƙar injin, yankan kansa, kwancewa, saukewa, kowanne da nasa lokaci, ana aunawa da agogo mai maɓalli wanda ake tayarwa a tsayar. Za a zaɓi gwani a auna shi sau da yawa, a zubar da duk wani motsi da ba shi da amfani, a tara sauran, sa'an nan a ƙara wani abu saboda hutu da tsaikon da ba makawa. Abin da ya fito shi ne lokacin aikin. Sai a rubuta shi a kati, tare da bayanin yadda za a yi aikin daki-daki, a miƙa wa ma'aikaci da safe. Tunani da shiri sun koma ofis, hannu kawai aka bar wa mai inji. Wannan rabuwa ita ce gindin tsarin Taylor, ita ce kuma gindin duk ƙiyayyar da aka yi masa.

Ya kuma sake fasalin jinga. Ga misalin da shi ya bayar. Akwai wani ƙarfe da ake fere guda 4 ko 5 a yini, a kan santi 50 kowanne. Da ya auna sai ya ga za a iya 10. Sai ya yanka farashi biyu: wanda ya kai 10 a biya shi santi 35 kowanne, wanda ya kasa kuwa santi 25. Mai karatu ya lissafa da kansa. Mai 10 zai tashi da dala 3 da rabi, maimakon dala 2 da rabi ta da. Amma wanda ya yi 9 dala 2 da santi 25 zai samu, watau bai kai abin da yake samu sa'ad da yake yin 5 ba. Ba a bar wa matsakaicin mutum wurin tsayawa ba, ko ya kai ko ya kama gabansa.

A gefe guda kuma, tun 1880 ya fara gwaje-gwaje a kan yankan ƙarfe, don ya san gudun da ya dace da kowane inji. Ya zaci wata 6 zai gama, sai abin ya ci shekara 26. Bisa lissafinsa an yi gwaji tsakanin 30,000 da 50,000, an fere ƙarfe sama da laba 800,000 ya zama ɓarɓashi. Ya gano abubuwa 12 ne ke tafiyar da gudun yanka, kamar taurin ƙarfen, da zurfin yankan, da siffar bakin wuƙar. Tun da wuri ya ga cewa kwarara ruwa a kan wuƙar kawai yana ƙara gudu da wajen kashi 40 cikin 100. Lissafin haɗa abubuwan nan 12 ya gagare shi, sai daga baya wani masanin lissafi ɗan asalin ƙasar Norwe, Carl Barth, ya ƙera wata irin rula mai zamewa wadda ke ba da amsa cikin ƙasa da minti ɗaya. A nan kam ko maƙiyansa ba su musa cewa aikin ilmi ya yi ba.

A 1890 ya bar Midvale ya shugabanci wani kamfanin yin takarda, abin bai yi armashi ba. A 1893 ya buɗe ofishinsa na ba kamfanoni shawara. Cikin wuraren da ya yi aiki akwai kamfanin Simonds a jihar Masacusets, mai yin 'ya'yan boris na keke. 'Yan mata 120 ne ke duba boris ɗin ɗaya bayan ɗaya suna ware masu aibi, awa 10 da rabi a yini. Aka rage musu lokaci zuwa awa 8 da rabi, aka sa hutun minti 10 a kai a kai, aka raba musu wurin zama don kada su yi hira, aka sallami masu nauyin ido. Bisa faɗar Taylor, 35 suka koma yin aikin 120, ladansu kuma ya kusa ninkawa. Sauran 85 ɗin bai ba da labarinsu ba.

LABARIN SCHMIDT

A 1898 aka kira shi babban kamfanin ƙarfe na garin Bethlehem. Wannan wani gari ne a Pensilbaniya, ba Baitalami ta Falasɗinu ba. A nan ya yi aikin da ya fi jawo masa kuɗi, da kuma wanda ya fi jawo masa surutu.

Na kuɗin shi ne, shi da wani masanin ƙarfe mai suna Maunsel White suka gano cewa idan aka gasa ƙarfen wuƙar inji har ya kusa narkewa, abin da maƙera suka ɗauka lalata shi yake yi, sai ya ƙara ƙarfi, ya riƙa yanka ko ya yi zafi ya yi ja. Gudun injuna ya ninka biyu ko fiye. A babban bajekolin birnin Faris na 1900 injiniyoyin Turai suka yi cincirindo suna kallon wuƙa ta yi jawur tana ta cin ƙarfe, aka ba su lambar zinariya.

Na surutun kuwa shi ne lodin curin baƙin ƙarfe. Bisa faɗar Taylor, kamfanin yana da tan 80,000 jibge a fili, da yaƙi ya ɓarke tsakanin Amurka da Sifen farashi ya tashi, aka sayar, sai a loda a taragon jirgi. Kowane curi laba 92 ne, watau wajen kilo 42, bai kai buhun siminti ba amma ya kusa. Lebura zai sunkuya ya ɗauka, ya hau katakon da aka jingina, ya jefa cikin tarago. In ji Taylor, leburori kamar 75 ne, kowanne yana loda tan 12 da rabi a yini a kan dala 1 da santi 15. Taylor ya ce mutum ɗaya zai iya tan 47 da rabi. Wannan curi 1,156 ke nan a yini, maimakon 304.

Yadda ya ba da labarin a littafinsa, ya zaɓi wani ɗan ƙaramin lebura mai son kuɗi, ya laƙaba masa suna Schmidt, wanda in an tashi aiki da gudu yake komawa gida don yana gina ɗakinsa da hannunsa. Aka yi masa alkawarin dala 1 da santi 85, da sharaɗin zai bi umurnin mai agogo ba musu, in an ce ɗauka ya ɗauka, in an ce zauna ya zauna. Taylor ya ce sirrin yana wajen hutu, don mai ɗaukar nauyi irin wannan bai kamata kaya su kasance a hannunsa fiye da wajen kashi 42 cikin 100 na yini ba. Schmidt ya loda tan 47 da rabi tun ran farko, ya kuma ɗore. Amma cikin kowane mutum 8 na ƙungiyar, ɗaya ne kawai ya iya. A cikin littafin ne kuma ya kwatanta mutumin da ya dace da wannan aiki da takarkari, saboda ƙarfi da rashin tunani, maganar da 'yan ƙwadago ba su taɓa yafe masa ba. Marubucin nan Upton Sinclair ya fito a 1911 ya yi tambayar da kowa zai yi: aiki ya kusa ninkawa huɗu, lada kuwa ya ƙaru da kashi 61 cikin 100 kawai, sauran ina ya tafi?

Ba a nan ma gizo ke saƙa ba. A 1974 wasu masu bincike biyu, Charles Wrege da Amedeo Perroni, suka tono rahoton mataimakan Taylor da suka yi awon, suka ga labarin ya sha gyara. Asalin lissafin shi ne an ɗebi wasu ƙarti 'yan ƙasar Hungari aka ce su yi iyakar gudunsu, suka cika tarago da tan 16 da rabi cikin minti 14. Aka buga wannan a kan yini guda ya haura tan 70, sa'an nan aka zabge kashi 40 cikin 100 da sunan hutu, ba tare da wani gwajin da ya nuna 40 ɗin ne daidai ba. Da aka ce wa ƙartin nan su yi haka kullum, sai suka ƙi. Shi kuwa Schmidt mutum ne na gaske, sunansa Henry Noll. An yi ta raɗe-raɗin aikin ya kashe shi, har aka nemo shi aka tarar yana nan da ransa. Sai a 1925 ya mutu, shekara 10 bayan Taylor.

Aikin shebur ya fi wannan ma'ana. Kowane lebura da shebur ɗinsa yake zuwa, da shi zai kwashi tama mai laba 30, da shi kuma zai kwashi garin kwal wanda bai kai laba 4 ba. Gwaji ya nuna mutum ya fi yin aiki mai yawa idan abin da ke cikin shebur laba 21 ne. Sai kamfani ya tanadi shebur iri 8 zuwa 10, ƙarami na kaya masu nauyi, babba na marasa nauyi. Da yake yawancin leburorin ba su iya karatu ba, kowace safiya mutum zai tarar da takarda a akwatinsa, fara in jiya ya cika aikinsa, rawaya in ya gaza. Bisa alƙaluman Taylor, leburorin filin sun ragu daga tsakanin 400 da 600 zuwa 140, abin da mutum ke kwasa ya tashi daga tan 16 zuwa 59, ladansa ya kai dala 1 da santi 88.

Duk da haka a 1901 aka sallame shi. Bai iya zama da mutane ba, ya ɓata da manajoji kamar yadda ya ɓata da leburori. Shi kuma ya ce masu kamfanin suna da gidajen haya da kantuna a garin, shi ya sa rage ma'aikata bai yi musu daɗi ba.

Yana da shekara 45 ya daina aikin kuɗi. A shekarar ne shi da matarsa suka ɗauki marayu 3 suka riƙe. Ya zauna a gidansa mai suna Boxly, baƙi suna zuwa yana yi musu lacca ta awa biyu ba ya yarda a katse shi, sa'an nan ya tura su su ga tsarinsa a kamfanonin Tabor da Link-Belt. A 1906 ya zama shugaban ƙungiyar injiniyoyin inji ta Amurka. Daga 1909 ya riƙa ba da lacca a Harvard ɗin nan da bai shiga ba. Sauran lokacinsa yana gwaje-gwaje a kan ciyawar filin golf.

GABAN MAJALISA

Har zuwa 1910 injiniyoyi ne kawai suka san shi. A shekarar ne kamfanonin jirgin ƙasa na gabashin Amurka suka nemi ƙarin kuɗin dako. Lauyan masu adawa, Louis Brandeis, ya ce ba ƙari suke bukata ba, gyaran aiki suke bukata, ya kawo almajiran Taylor shaida. Ɗaya daga cikin shaidun, Harrington Emerson, ya ce kamfanonin za su iya tsimin dala miliyan 1 kowace rana. Jaridu suka ɗauka, kan ka ce kwabo sunan Taylor ya cika ƙasa. A 1911 ya fitar da littafinsa, The Principles of Scientific Management, watau ƙa'idojin tafiyar da aiki bisa ilmin kimiyya, aka juya shi cikin harsuna da dama.

A cikin watan Agusta na wannan shekara kuma wuta ta tashi a ma'aikatar ƙera makamai ta soja da ke Watertown, kusa da Boston. Janar William Crozier ne ya shigo da tsarin. Mai agogo, Dwight Merrick, ya shiga sashen masu zubi ya auna wani aiki ya ce minti 24 ne. Bai sani ba wani daga cikin masu zubin yana aunawa a ɓoye da nasa agogon, shi kuma ya sami wajen minti 50. Kashegari wani ma'aikaci ya ƙi yarda a auna shi, aka kore shi, sai duk sashen suka ajiye aiki. Yajin mako guda ya yi, amma da yake ma'aikatar gwamnati ce, magana ta kai Majalisar Wakilai, aka kafa kwamitin bincike.

Shugaban kwamitin, William Wilson, tsohon mahaƙin kwal ne, tun yana yaro yake cikin rami, kuma tsohon jami'in ƙungiyar mahaƙa. A cikin Janairu 1912 Taylor ya yi kwanaki yana ba da shaida. Ya dage cewa tsarinsa ba agogo ba ne, sauyin zuciya ne, inda mai kamfani da ma'aikaci za su bar faɗa a kan rabon riba su haɗa kai su ƙara yawanta. Wilson kuwa ya tsare shi da tambayoyi biyu. Wa ke yanke yawan hutun da za a ƙara a kan lokacin da agogo ya nuna, in ba mai kamfani ba? Kuma ina makomar mutumin da bai kai gwani ba, alhali yana da iyali? Taylor ya ce kowa gwani ne a wani aiki, sai dai a nemo masa. Amsar ba ta gamsar da Wilson ba, mu ma a ganinmu ba ta isa ba. Copley ya ce a ƙarshe rai ya ɓaci har aka share wani sashe na maganganun daga rubutaccen bayani. Kwamitin bai ba da shawarar kafa doka ba, amma a 1915 Majalisa ta hana amfani da kuɗin soja wajen auna ma'aikata da agogo, hanin da ya zauna har 1949.

A waje kuwa tsarin sai yaɗuwa yake yi. A Faransa masanin kimiyya Henry Le Chatelier ya tallata shi, ma'aikatan kamfanin motoci na Renault suka yi yaji a kansa a 1913. Lenin ya zage shi a 1913 a kan dabarar tatse gumin talaka ce, da mulkin Rasha ya zo hannunsa sai ga shi a 1918 yana cewa a koye shi. Japan ma ta karɓa tun da wuri. Cikin almajiransa Henry Gantt ya sassauta jingar, ya tabbatar wa kowa ladan yini sa'an nan a ƙara wa wanda ya cika aiki. Frank Gilbreth, wanda asalinsa birkila ne, shi da matarsa Lillian suka koma nazarin motsin jiki da hoton silima, bayan ya rage motsin ɗora bulo daga 18 zuwa 5. Daga baya suka ɓata da Taylor. A 1948 wasu injiniyoyin Amurka suka fitar da jadawalin da ya yanka wa kowane ƙaramin motsi lokacinsa, miƙa hannu, kamawa, juyawa, saki, yadda za a iya lissafa lokacin aiki tun ba a fara shi ba. A 1957 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya da kanta ta buga littafin koyar da nazarin aiki, ciki har da awo da agogo.

Shi dai Taylor bai ga wannan ba. Shekarunsa na ƙarshe sun tafi wajen jinyar matarsa da amsa sukar 'yan ƙwadago. A farkon 1915 ya tafi yawon lacca, sanyi ya kama shi a hanya ya zama ciwon huhu, aka kwantar da shi a wani asibiti a Filadelfiya. Ran 20 ga Maris ya cika shekara 59. Copley ya ce kashegari da asuba, wajen ƙarfe 4 da rabi, nas ta ji yana ba agogonsa wani, abin da bai saba yi a wannan lokaci ba. Da ta shiga bayan rabin awa ta tarar ya cika. An binne shi a maƙabartar West Laurel Hill, a bayan birnin.